Yadda ake gano ciwon taransifoma daga gas ɗin da ya narke a man da ke cikinta

Salamu alaikum jama'a. 'Yan'uwa masu aikin wuta a nan Kumasi, musamman masu kula da taransifomar faktiri a Kaase da Ahinsan, da na gidajen ƙanƙara da injin katako da otal-otal, sun yi ta maimaita min tambaya ɗaya: injiniya ko kamfanin inshora ya ce a yi wa taransifoma DGA, wato gwajin gas ɗin da ya narke cikin mai, to ta ina ake farawa, kuma in takardar sakamako ta dawo cike da lambobi yaya ake karanta ta. Shi ya sa na ce bari in zauna in jera abin daki-daki.

A taƙaice, duk lokacin da wani wuri a cikin taransifoma ya ɗau zafin da ya wuce ƙima ko wuta ta yi tartsatsi, man da ke wurin da takardar da aka naɗe waya da ita sukan lalace su saki gas, gas ɗin ya narke cikin mai, kuma kowane irin ciwo da irin gas ɗin da yake fitarwa. Ba sai taransifoma ta kai girman na tashar GRIDCo, kamfanin manyan layukan wuta na Ghana, da ke Anwomaso ba, ko 500kVA ce mai karɓar 11kV a bayan faktiri, in dai tsayuwarta za ta tsayar da aiki to ta cancanci gwajin. Amma tun yanzu in faɗa, ina magana ne kan taransifomar da mai wuri ya mallaka kuma ya ba ka izini. Ta ECG, kamfanin raba wuta, da ke kan falwaya a unguwa ba taka ba ce, ko da a ƙofar gidanku take a Aboabo, in ka ga tana yoyo ko tana ƙara ka kai rahoto ofishinsu kawai.

1. Fara da tarihinta

Kafin ka nemi sirinji ka nemi littafi. Kwafi duk abin da ke jikin farantin suna: lamba, kVA, shekarar ƙira, yawan mai, ko mai tankin sama ce da ke numfashi ta silika jel mai shanye danshin iska ko kuwa rufaffiya ce ruf, sannan tap canja ɗinta, wato abin daidaita ƙarfin wutar da take fitarwa, irin wanda ake juyawa wuta a kashe ne ko mai canjawa da lodi a kai. Sai ka tambayi masta ko manajan wurin: yaushe aka taɓa tace man, an taɓa ƙara mai, an taɓa yin walda a jikin tanki, ta taɓa faɗuwa lokacin tsawa, akwai tsohon sakamakon gwaji? Wannan tambayar ta ƙarshe ita ce babba, domin sakamako ɗaya tilo ba ya faɗa maka ko ciwon na ci yanzu ko tsohon tabo ne.

Gargaɗi: in taransifomar tsohuwa ce sosai, ƙirar kafin shekarun 1980, ko ba a san asalin man da ke ciki ba, ka ɗauka tana iya ƙunsar PCB, guba ce da ke shiga jiki ta zauna, sai ka sa a gwada shi ma a cikin samfurin.

2. Kayan aiki

Sirinjin gilas mai cin 50ml da ɗan famfo mai hanya uku a bakinsa, yawanci ɗakin gwajin da za ka kai wa su ne ke ba ka shi a wanke a bushe cikin kwalinsa. Gajeren tiyo sabo wanda mai ba ya ci, da mahaɗin da ya dace da bakin bawul ɗin. Bokiti ko jarka ta zubar da man wanki, tsumma mai tsabta marar zare-zare, safar hannu ta roba, tabarau, sifana, da alƙalamin da mai ba ya goge rubutunsa. In za a haɗa da gwajin ƙarfin mai da na ruwan ciki, wanda nake ba da shawara tunda ka riga ka zo, ka ƙara da kwalbar gilas mai duhu ko ta alminiyam mai cin lita ɗaya.

Don Allah kar ka ɗebo mai a robar ruwan sha ko sirinjin asibiti na roba. Haidurojin yana ratsa roba ya gudu, kafin ka isa Accra ya tafi, sakamako ya dawo fes alhali taransifoma na ciwo.

3. Dubawa kafin ka taɓa bawul

Zaɓi ranar da babu ruwa, a damina ka jira garin ya washe, da hunturu kuma ka guji lokacin da iska ke kaɗa ƙura. Duba ma'aunin mai ko akwai isasshe, rubuta zafin mai da lodin da take ɗauke da shi a lokacin, kalli silika jel ko ya canja launi.

In rufaffiya ce mai agogon matsi, dole allurar ta nuna matsin ciki ya fi na waje. Idan tana ƙasa da sifili ka buɗe bawul, maimakon mai ya fito iska ce za ta shiga, kumfar ta hau ta ratsa tsakanin wayoyi, kuma wannan kaɗai na iya tayar da gobara a ciki. Ƙananan rufaffu waɗanda aka cika su dam babu tankin sama kuwa, kar ka buɗe su sai da umarnin kamfanin da ya ƙera.

Maganar ɗiba da wuta a kunne: ana yi a manyan taransifomomi inda bawul ke can ƙasa nesa da duk wani ƙarfe mai wuta, da takardar izinin aiki da mutum na biyu a tsaye. Amma irin namu na bayan faktiri da ke cikin ɗan keji, bushin, wato kawunan da wayoyin wuta ke shiga taransifoma ta cikinsu, a buɗe kusa da kanka, a kashe, a zare, a kulle, a gwada, a sa waya zuwa ƙasa. Awa ɗaya da faktiri zai tsaya bai kai ranka ba.

4. Ɗibar man

A nan ake ɓata yawancin gwaje-gwaje, don haka zan ɗan daɗe. Cire murfin bawul ɗin ƙasa, goge bakin sosai, tsatsa da ƙura da tsohon mai duk su fita. Ɗaura mahaɗi da tiyo, buɗe bawul a hankali ka bar lita ɗaya zuwa biyu ta zuba a bokiti, saboda man da ya kwanta a wuyan bawul ba ya zagayawa, yana tare da ruwa da datti kuma ba shi ne man da ke wanke wayoyi ba. A ƙaramar taransifoma ka riƙa kallon ma'aunin mai kana zubarwa, kar garin wanki ka sauke shi ƙasa da layi.

Yanzu haɗa tiyon da famfon sirinji yayin da mai ke ɗan gudana, don kar iska ta maƙale a tiyo. Juya famfo mai ya shiga sirinji, kuma ka bar nauyin man ya tura sandar da kansa, kai dai ka tallafe ta da yatsa kar ta fice. Kar ka ja. In ka ja sandar kana jawo iska ta gefen gilas, kuma kana fizge gas daga cikin man. Ya shiga kamar 10ml sai ka rufe ɓangaren taransifoma, ka ɗaga sirinji bakinsa sama, ka tura man da kumfar su fita ta hanya ta uku zuwa bokiti. Yi haka sau biyu ko uku har ka ga babu ko ɗigon kumfa, sannan ka bar shi ya cika zuwa layin 50, ka rufe famfo ta ɓangaren sirinji, ka rufe bawul, ka mayar da murfi, ka goge wurin ka tsaya ɗan lokaci ka tabbata ba ya ɗiga.

Wani abu da ke rikita yara: bayan man ya huce wata 'yar kumfa kan fito a sirinjin da ka rufe babu kumfa. Kar ka fitar da ita. Daga cikin man ta fito, gas ɗin da ake nema ne a ciki, ɗakin gwaji sun san yadda za su yi da ita.

Man bokiti kuma ba a mayar da shi cikin taransifoma, ba a zuba shi a kwata, ba a ba wa masu shafa wa katako ko masu injin sarƙa. A rufe shi a jarka a miƙa wa masu izinin hukumar kare muhalli, EPA, na karɓar irinsa.

5. Lakabi, aikawa da kuɗi

Rubuta lambar taransifoma, wuri, rana da lokaci, zafin mai, inda ka ɗiba, da dalilin gwajin, na shekara ne ko bayan ta faɗi ne. Sa sirinji a kwalinsa, rana kar ta taɓa shi, kar a ajiye shi gaban gilashin mota, kuma ya isa ɗakin gwaji cikin 'yan kwanaki, kar ya yi sati biyu a durowa ana jiran sa hannun akanta.

Kuɗin ya kasu uku: na gwajin kansa kan kowane samfur, na kai samfur, da na wanda ya zo ɗiba in ba kai ba ne. Wasu kamfanonin gwaji suna auna a nan gida, wasu suna tura sirinjin waje, su kuma farashinsu na bin dala don haka ka nemi rubutaccen farashi a sidi na ranar. In kuna da taransifoma uku ko huɗu a layi ɗaya ku haɗa ku aika tare, ya fi sauƙi. Akwai kuma masu zuwa da na'urar hannu irin Kelman Transport X su ba ka sakamako nan take cikin kamar rabin awa, tana da amfani sosai ranar gaggawa. Tambayoyi biyu za ka yi kafin ka biya: shin za su ba da gas tara duka waɗanda zan jera a mataki na 6, kuma wace ƙa'ida suke bi, IEC 60567 ko ASTM D3612. Kuma in ka fara da ɗakin gwaji ɗaya ka zauna da su, don ko ɗaki mai kyau ana yarda masa da kuskuren kusan kashi 15 cikin 100, in kana tsalle daga wannan zuwa wancan ba za ka san ko gas ne ya ƙaru ko awo ne ya bambanta ba.

6. Sanin gas ɗin ɗaya bayan ɗaya

Lambobin suna zuwa a ppm, wato kashi nawa cikin miliyan. Fara kallon oksijin O2 da naitirojin N2. In taransifomar rufaffiya ce amma iskar oksijin ta yi yawa kamar man da ke shan iska, ko dai gasket na yoyo ko kai ne ka bar iska ta shiga sirinji, sai a sake ɗiba kafin a ce komai.

Haidurojin, H2, yana fitowa a kusan kowane ciwo, amma in shi ne ya mamaye da ɗan miten to ƙananan tartsatsi ne a cikin kumfa ko takarda mai danshi. Miten CH4 da iten C2H6 na zafi ne marar tsanani. Itilin C2H4 yana rinjaye in zafi ya kai wajen digiri 500 zuwa sama. Asitilin C2H2, shi ne dai gas ɗin kabaid da masu walda a Suame Magazine ke yanka ƙarfe da shi, ba ya samuwa sosai sai zafi ya haura digiri 800, wato wuta ta yi tsalle a cikin mai, shi ya sa ko 2 ko 3 ya bayyana inda da babu, ni ba na barci a kansa. Kabon monoksaid CO da kabon dayoksaid CO2 kuma daga takarda suke fitowa galibi.

7. Ya yi yawa ne, kuma yana ƙaruwa?

Ƙa'idar IEC 60599 ta kawo iyakokin da kashi 90 cikin 100 na manyan taransifomomi ke ƙasa da su, kuma iyakar kowane gas tana faɗawa ne tsakanin lambobi biyu: H2 tsakanin 50 da 150, CH4 30 zuwa 130, C2H6 20 zuwa 90, C2H4 60 zuwa 280, C2H2 2 zuwa 20, CO 400 zuwa 600, CO2 3,800 zuwa 14,000. In duk lambobinka na ƙasa da waɗannan kuma ba su motsa daga na bara ba, rufe fayil sai baɗi. Kar ka shiga lissafin mataki na 8 da ƙananan lambobi, domin lissafin kullum sai ya ba ka sunan wani ciwo ko da lafiyarta ƙalau, na ga an tayar wa mai faktiri hankali a banza ta wannan hanyar.

In wani ya haura, sake ɗiba bayan sati biyu zuwa wata ɗaya, in asitilin ne cikin kwanaki. Abin da kake nema shi ne gudu. Ƙarin da ya wuce kashi 10 cikin 100 a wata a kan lambar da ta riga ta haura yana nufin ciwon na ci, in kuwa ya kai kashi 50 a sati to maganar kashewa ake. Taransifomar da ke da itilin 400 shekara uku bai motsa ba ta fi kwanciyar hankali a kan wadda ta tashi daga 40 zuwa 150 cikin wata biyu, duk da ta biyun ce ke cikin iyaka. Ka kuma tuna mai numfashi ta tankin sama tana zubar da haidurojin a hankali, don haka nata yakan nuna ƙasa da abin da ta samar.

8. Gano irin ciwon

Lissafi uku ne na rabawa: C2H2 a raba da C2H4, CH4 a raba da H2, sai C2H4 a raba da C2H6. In na biyu bai kai 0.1 ba kuma na uku bai kai 0.2 ba, PD ke nan, ƙananan tartsatsi. Na farko ya wuce 1, na biyu 0.1 zuwa 0.5, na uku ya wuce 1, D1 ne, tsallen wuta marar ƙarfi. Na farko 0.6 zuwa 2.5, na biyu 0.1 zuwa 1, na uku ya wuce 2, D2 ne, tsallen wuta mai ƙarfi. In kuwa na biyu ya wuce 1 kuma na farko ƙanƙani ne to zafi ne, sai na uku ya faɗa maka matakinsa: ƙasa da 1 T1 ne, bai kai digiri 300 ba, 1 zuwa 4 T2, tsakanin 300 da 700, sama da 4 T3, ya wuce 700.

Wani lokaci lambobin ba sa faɗawa ko'ina a cikin waɗannan, shi ya sa ake haɗawa da alwatikar Duval, wani zane mai kusurwa uku da aka raba yanki-yanki bisa irin ciwo. Tara CH4 da C2H4 da C2H2, ka fitar da kason kowanne cikin 100, ka sa ɗigo a zanen. Miten 98 zuwa sama PD. Asitilin ƙasa da 4, itilin ƙasa da 20 T1, itilin 20 zuwa 50 T2. Itilin 50 zuwa sama da asitilin ƙasa da 15 T3. Asitilin ya wuce 13 da itilin ƙasa da 23 D1, itilin ya haura 23 da asitilin mai yawa D2, akwai kuma yankin DT a tsakiya inda zafi da tartsatsi suka haɗu.

Ga misali na koyo. A ce takarda ta nuna H2 120, CH4 240, C2H6 90, C2H4 540, C2H2 6, CO 350, CO2 3,200, kuma wata uku baya itilin 300 ne. Na farko 6 a raba da 540 ya ba da 0.01, na biyu 2, na uku 6, T3 ke nan. A alwatika jimla 786, miten kusan 31, itilin kusan 69, asitilin bai kai 1 ba, nan ma T3. Hanya biyu sun yarda da juna, kuma ƙarin 240 a wata uku ya nuna abin na ci.

Gargaɗi a nan: in C2H2 ya ninka H2 sau biyu ko uku a babban tanki kuma tap canja mai aiki da lodi ne, yi zargin man ɗakin tap canja ne ke yoyowa, don shi dama tartsatsi ne aikinsa. Walda a jikin tanki da mai a ciki ita ma tana barin gas, tsatsa da wasu irin mai kuma kan ba da haidurojin ba tare da wani ciwo ba. Abin da ya sa muka fara da tarihi ke nan.

9. Takarda ta shiga ciki?

Raba CO2 da CO. In ya faɗi ƙasa da 3 kuma CO ɗin na da yawa yana hawa, akwai alamar takarda na ƙonewa, kuma wannan ya fi komai muni tunda mai ana canja shi amma takardar da ta ƙone sai an sake naɗi. Nemi a ƙara gwajin furan, sinadarin da takarda ke saki cikin mai in tana lalacewa, don tabbatarwa. A misalinmu 3,200 a raba da 350 ya haura 9, ke nan zafin ya fi kama da na ƙarfe tsirara a cikin mai, kamar bakin tap canja da ya yi baƙi, ko noti da ya saki, ko wuta mai zagaye a jikin ƙarfen tsakiya.

10. Abin yi bayan an gano

Gas yana faɗa maka irin ciwo, ba ya nuna maka wurin. In zafi ne, rage lodi ka sake gwadawa, in gudun gas ya ragu to ciwon na kan hanyar da lodi ke bi, in bai ragu ba a duba ƙarfen tsakiya. Haska kyamarar zafi a kan bushin da mahaɗan kebul da fukafukan sanyaya, sannan a kashe a auna juriyar waya a kowane tap, a yi gwajin rabon naɗi da na mega, na'urar auna ko wuta na yoyo ta takarda da mai. PD yawanci yana tafiya da danshi, duba sakamakon ruwa da silika jel da gasket, mu da damina ke daɗewa wannan ba baƙon abu ba ne. D1 a sa ido kusa-kusa a shirya buɗewa. D2 mai ƙaruwa kuwa a kashe, a kira masu gyara.

In Buchholz ce ta kashe ta, wato rilen kariya mai tara gas da ke tsakanin tanki da tankin sama, kar wanda ya mayar da wuta don manaja na ihu. Ɗebi gas ɗin da ya taru a cikin rilen da sirinji, kar a gwada shi da ashana irin na da, ɗebi mai nan take, ka sake ɗiba bayan kwana ɗaya saboda gas na ɗaukar lokaci kafin ya gauraya ya iso bawul ɗin ƙasa.

Kuskuren da ya fi ci min rai shi ne a ga gas ya hau sai a kira mai injin tace mai, a tace, a sake gwaji, a ga lambobi sun sauka a ce an gyara. Share toka ne aka yi aka bar garwashi, notin da ya saki yana nan yana ci, kuma an goge shaidar da za a bi. A tace mai bayan an gyara ciwon, a rubuta ranar, a ɗebi sabon samfur bayan tacewar ya zama mafarin sabon lissafi, kuma kar ka firgita in gas ya ɗan dawo a makonnin farko, wanda takarda ta shanye ne take sakewa, zai tsaya in gyaran ya yi. Daga nan sai a gwada bayan wata ɗaya, bayan wata uku, in ya lafa a koma sau ɗaya a shekara, kuma kowane sakamako a ajiye kwafinsa a ɗakin wuta kusa da taransifomar inda wanda zai gaje ka zai same shi.